Haɗa alam da fitilar cikin a-kori-kura: kurakuran da aka fi yi da gyaransu

Mai Hilux da ke tashi da asuba zuwa kasuwar Dakoro ko Tasawa yana son in ya danna rimot a cikin duhu, fitilar rufin mota ta kama, ya ga kujerarsa kafin ya shiga. Buƙata ce mai kyau, kuma yawancin alam da ake sayarwa a Maraɗi suna da wayar da aka tanada don wannan aiki. Amma sau da yawa aikin na ƙarewa da ƙonannen alam, ko batir da ya kwana ya mutu, ko jiniya mai tayar da maƙwabta da tsakar dare. Tushen matsalar kusan kullum ɗaya ne: wayar ƙofa aiki biyu take yi. Ita ke kunna fitila, ita ce kuma ke gaya wa alam an buɗe ƙofa. Wanda bai riƙe wannan a ransa ba zai sha wahala.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne jona wayar alam kai tsaye da ƙwan fitila. Wannan siririyar waya ba ta ba da wutar kunna ƙwai. A yawancin alam mas take bayarwa, wato ɓangaren batir da ke haɗe da ƙarfen jikin mota, kuma abin da take iya ɗauka bai wuce miliamper 200 ba. Ƙwan rufi mai wat 10 a kan volt 12 yana jan kusan miliamper 800, ninki huɗu ke nan. Fitilar za ta kama ranar farko, maigida ya biya, yaro ya yi murna, bayan ƴan kwanaki ɗan taransistan da ke cikin alam ya ƙone. Wani lokaci ya ƙone a buɗe, fitila ta daina amsawa. Wani lokaci ya liƙe, fitila ta ƙi mutuwa. Maganin rele ne, wato makunnin da ƴar ƙaramar wuta ke kunnawa don ya ɗauki babba, irin mai ƙafa huɗu ko biyar da ake samu a kowane shagon kayan mota. Ƙafa ta 86 ta tafi wutar batir mai ɗorewa ta bayan fiyus, ta 85 ta karɓi wayar alam, ta 30 ta tafi wayar fitila, ta 87 kuma ta tafi mas, wato ƙarfen jikin mota da aka kankare wa fenti. Alam ɗan aike ne kawai, rele ke ɗaukar kayan. Ƙara ƙaramin diyod 1N4007, wato ɗan abin da ke barin wuta ta bi ta gefe ɗaya kawai, tsakanin 85 da 86, zanensa na kallon 86, yana kare alam daga wutar da rele ke maidowa lokacin da ya saki.

Wannan haɗin na motar da ƙofarta ke ba da mas ne, kamar Toyota da galibin motocin Japan. A nan ne ake yin kuskure na biyu, wato yarda da launin waya. Motocinmu sun biyo hanyoyi da yawa, wasu ta Kwatano, wasu ta Katsina da Jibiya, kuma hannu nawa ne ya taɓa wayoyinsu kafin su iso? Launi ba shaida ba ne. Akwai tsofaffin a-kori-kura na Amurka, irin Ford, da ƙofarsu ke ba da wuta maimakon mas; a irinsu ƙafa ta 87 wuta za ta karɓa. Ka sa mita a kan wayar da kake zato. In ƙofa na rufe ta nuna wajen volt 12, in an buɗe ta faɗi kusa da sifiri, mai mas ce. In akasin haka ne, mai wuta ce. Ka tabbata makunnin fitilar yana tsakiya, wurin da aka rubuta DOOR, domin in yana kan OFF awon zai ruɗe ka, kuma alam ba zai taɓa kunna ta ba ko da haɗinka daidai ne. Mutane da yawa sun kwance aiki mai kyau saboda wannan ɗan makunni.

Kada a soki waya da ƙwan gwaji a sabuwar mota. Wayoyi masu rigar rawaya na jakar iskar kariya ne, ba a taɓa su. A cire kan batir na mas, a jira daƙiƙa 90 kamar yadda Toyota ke umarta, sannan a fara yanka.

Yanzu ga wanda ya fi wahalar ganewa. Alam da yawa in an buɗe su da rimot amma ba a buɗe ƙofa ba, sukan sake kulle kansu bayan ɗan lokaci. Wannan kariya ce babba ga wanda rimot ke dannuwa a aljihunsa. To in rele yana ba wa wayar ƙofa mas don fitila ta kama, kuma alam yana sauraren wannan wayar, sai ya ɗauka an buɗe ƙofa, ya fasa kullewa. Mota ta kwana a buɗe a ƙofar gida, mai ita yana barci da kwanciyar hankali. Ni a wurina wannan ya fi ƙonewar alam muni, domin babu alamar da za ta nuna maka. Gyaran shi ne a raba aikin biyu da diyod. A yanke wayar da ke tsakanin maɓallin ƙofa da fitila, a sa diyod a tsakani, zanensa na kallon ɓangaren ƙofa. Wayar sauraren alam ta zauna ɓangaren ƙofa, rele ya zauna ɓangaren fitila. Duk wutar ƙwan ta cikin wannan diyod za ta bi, don haka 1N4007 mai amper 1 ya yi ƙanƙanta, musamman a mota mai ƙofa huɗu da ƙwai biyu. A nemi mai amper 3 irin 1N5408. Bayan an gama a gwada: a buɗe da rimot, a koma gefe, a ga ko zai kulle kansa.

Sabbin Hilux suna da fitilar da ke dusashewa a hankali bayan an rufe ƙofa, domin kwamfutar jikin mota ce ke sarrafa ta. In an ɗauki wayar saurare daga fitilar, alam zai ga ƙofa a buɗe lokacin kullewa, ya yi ƙarin ƙara, wani ma ya daina tsaron ƙofofin gaba ɗaya. A ɗauko ta daga wayar maɓallin ƙofa kanta, kafin ta shiga kwamfuta.

Sai zancen fiyus. Wanda ya ɗauko wuta daga batir ba fiyus, ko ya maye ƙonannen fiyus ɗin DOME, wato na fitilar rufi, da zaren waya, gobara yake gayyata. A sa fiyus kusa da inda aka ɗauko wutar, amper 5 ya isa wannan aiki. Wasu Land Cruiser masu gazuwal da batir biyu volt 24 suke, a auna kafin a sa musu alam ko rele na volt 12.

Yanayin garinmu ma yana da nasa hukunci. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da awo ke haura digiri 40 a inuwa, gam ɗin tef yana narkewa a cikin motar da aka rufe, ya zame ya bar waya tsirara. Murɗa waya da hannu ba ya jure gargadar hanyar ƙauye. A like da dalma, a rufe da robar da ke tsukewa in an gasa ta, a ɗaure rele kada ya yi ta lilo a ƙarƙashin sitiyari. Ƙurar hunturu kuma tana cika maɓallin ƙofa, ya riƙa haɗawa yana saki, alam ya yi ta kuka ba ɓarawo. Kafin a zargi alam, a kwance maɓallin, a goge shi, a duba robarsa.

Gwajin ƙarshe shi ne na batir. Ƙwai mai wat 10 in ya kwana a kunne awa 12 yana shanye kusan amper-awa 10, kuma tsohon batir ba ya jure hakan dare biyu ko uku a motar gazuwal. A rufe ƙofofi, a kulle da rimot, a jira fitila ta mutu, a sa mita a layin mas na batir. Abin da mota ke ja tana kwance ya kamata ya tsaya ƙasa da miliamper 50. In ya haura sosai, a zare fiyus ɗin rele a sake dubawa. In awon ya faɗi, rele na liƙe ne ko an juya ƙafafunsa.