Kurakuran da ake yawan yi kan haihuwar taurari

'Yan lise namu na Garwa da Marwa, musamman masu shirin bak, kullum ana turo hotunan Webb, madubin hangen nesa da ke sararin samaniya, a WhatsApp ana sharhi kan yadda ake haifar taurari, to ga inda ake ɓata lissafi.

Na farko wai giragizan gas da taurari ke fitowa ciki wuta ce ke ci. Ina! Sanyinsu ya kai wajen digiri 260 ƙasa da sifiri. Launin jan da kuke gani an saka ne, don Webb yana ɗaukar hasken da ido ba ya gani.

Babban kuskuren shi ne a ce ƙarfin jan nauyi kaɗai ke aiki, gas ya taru ya dunƙule shi ke nan an haifi tauraro. Da haka ne da galaksinmu, wato babban tarin taurarin da ranarmu ke ciki, yana fitar da taurari masu nauyin ɗaruruwan rana a shekara, alhali abin da yake yi bai wuce nauyin rana 1 zuwa 2 ba. Cikin girgijen akwai hargitsi, gas na gudun kilomita da yawa a daƙiƙa, ya fi gudun sauti a wurin nesa ba kusa ba. Tun 1981 masanin taurari Richard Larson ya nuna cewa gwargwadon girman girgije gwargwadon ƙarfin hargitsin cikinsa.

Daga nan sai wasu su zarce su ce ashe hargitsi hana haihuwa yake yi, wannan ma rabin magana ce. Ka tsaya a gadar Binuwai da damina ka dubi ruwa, yana juyi yana watsa kara da ciyawa amma a wasu kusurwoyi shi ne yake tara su cunkus. Haka gas yake, hargitsin yana hana girgijen gaba ɗaya ruftawa, amma inda igiyoyin gas biyu suka yi karo sai su matse gas ya zama zare-zare masu kauri, a nan nauyi ke yin galaba. Shi ya sa kusan kashi 1 cikin 100 ne kawai ke zama taurari a lokacin da ya isa a ce girgijen ya rufta duka.

Sai masu zaton taurari ɗaya-ɗaya ake haifarsu. Gungu-gungu suke zuwa, ƙaramin gungu cikin babba, kuma madubin hangen nesa na Hubble ya ga haka a galaksi na kusa kamar M51 da NGC 628: sababbin haihuwa a manne da juna, waɗanda suka kwana biyu sun bazu. Kaza da 'ya'yanta da kakanninmu ke dubawa ma ba 7 ba ne fa, sun haura 1,000, shekarunsu wajen miliyan 100.

Amma kar ka ga taurari biyu kusa da juna a sama ka ce 'yan gida ɗaya ne, wani yana can baya da nisa. Sai an auna nisansu da shekarunsu da inda suka nufa tukuna.