Yadda ake yi wa sunan shafin intanet rajista, a saya ko a sayar ba tare da asara ba

Sunan shafi, wato adireshin da ake bugawa a shiga shafin intanet, ba abin da ake saya a mallaka har abada ba ne. Haya ake karɓa, daga shekara 1 zuwa shekara 10, kuma duk wanda ya daina sabuntawa sunan zai fita daga hannunsa. Hukumar ICANN, wadda aka kafa a 1998, ita ke shimfiɗa dokoki, kamfanin Verisign kuma shi ke riƙe da kundin duk sunayen da suka ƙare da .com. Kai dai da kamfanonin rajista za ka yi hulɗa, irin su Namecheap, GoDaddy da Cloudflare.

Fara da zaɓen suna. Ga gwajin da na fi yarda da shi: faɗa wa mutum sunan ta waya, ka ce ya rubuta. In ya tsaya tambayarka ko akwai ɗan layi a tsakiya, ko 2 ce ko "biyu", to sunan zai riƙa ɓatar maka da baƙi. An yarda suna ya kai harafi 63, amma gajere ya fi zama a ka. Haruffa masu lanƙwasa kamar ƙ da ɗ da ɓ, gara ka bar su, domin yawancin mutane ba za su buga su ba. Game da ƙarshen suna, .com ne hannun mutane ya saba bugawa. Masu harafi biyu kuwa na ƙasashe ne da yankuna: .tv na Tuvalu ne, .ai na tsibirin Anguilla. Kowannensu da nasa sharuɗɗan, sai ka karanta kafin ka biya.

Kafin ka biya ko sisi, binciki abu biyu. Na farko, kada sunan ya yi kama da tambarin kasuwancin wani. Tun 1999 akwai ƙa'idar sasanta rikici da ake kira UDRP: in mai tambari ya nuna cewa sunan ya yi kama da nasa, ba ka da wani haƙƙi a kansa, kuma da mugun nufi ka yi rajistarsa kake amfani da shi, za a iya karɓe shi a miƙa masa. Na biyu, duba tarihin sunan a Wayback Machine, shafin da ke adana tsofaffin kwafin shafukan intanet. Sunan da aka taɓa yin damfara ko watsa saƙonnin banza da shi yakan zo da baƙin jininsa, har wasiƙunka su riƙa faɗawa kwandon shara.

Wajen zaɓen kamfanin rajista, kuɗin sabuntawa za ka duba. Rangwamen shekarar farko sau ɗaya ne, sabuntawa kuwa duk shekara ce.

Yanzu ga matakin da ya fi kowanne muhimmanci. Ka yi rajistar da hannunka, da sunanka, a asusun da kai kaɗai ke da mabuɗinsa. Mutane da yawa sukan bar wa wanda ya gina musu shafi ya yi komai, shi kuma ya sa sunansa da imel ɗinsa. Ranar da aka saɓa, ko ya daina ɗaukar waya, sai mai kasuwanci ya tarar cewa a kundi ba shi ne mai sunan ba, alhali ya buga shi a kan kati da allon talla da takardun kamfani. Wannan abu yana ba ni takaici, domin aikin 'yan mintuna ne da zai hana shi. In kana buƙatar taimakon ma'aikaci, ba shi izinin gyara saituna kawai. Kada kuma imel ɗin asusun ya kasance a kan sunan da kake yi wa rajista, don in sunan ya tsaya, saƙon gargaɗin ma ba zai iso ka ba. Bayan rajista za a aiko maka da saƙon tabbatar da adireshinka, wanda in ka yi kwana 15 ba ka amsa ba za a iya dakatar da sunan. Daga nan kunna tabbaci mai mataki biyu (ƙarin lambar da ake nema bayan kalmar sirri kafin a shiga asusu), kunna makullin da ke hana a ɗauke sunan zuwa wani kamfani, ka ɓoye bayananka daga kundin jama'a, sannan ka sa sabuntawa ta riƙa yin kanta.

In wa'adi ya wuce ba ka biya ba, ba a take sunan .com ke tafiya ba. Kamfanin rajista na iya ɗaga maka ƙafa har zuwa kwana 45, gwargwadon tsarinsa, sai kwana 30 na fansa mai tsada, sai kwana 5 na jiran gogewa. Kada ka dogara da wannan: wasu kamfanonin tun kafin lokacin ya cika suke sa sunan a gwanjo.

Idan sunan da kake so yana hannun wani, duba ko ya sa shi a kasuwa irin Sedo ko Afternic, in babu ka tuntuɓe shi ta kamfanin rajistarsa. Kun daidaita a farashi? Kada ka tura masa kuɗi kai tsaye. Ku bi ta amintaccen ɗan tsakiya kamar Escrow.com, wanda zai riƙe kuɗin har sai sunan ya shiga asusunka. Mai sayarwa zai buɗe makullin, ya ba ka lambar izinin sauya kamfani, wadda ake kira lambar EPP. Ka sani cewa sunan da bai cika kwana 60 da rajista ko da sauyin kamfani ba, galibi ba ya ɗaukuwa zuwa wani kamfani. A irin wannan hali, buɗe asusu a kamfanin da yake, a tura maka shi ta ciki.

Mai son sayarwa kuma ya rage buri. Gaskiya ne an sayar da Voice.com kan dala miliyan 30 a 2019, amma mafi yawan sunayen da ake tarawa don riba ba sa samun mai taya, ga kuɗin sabuntawa yana ci duk shekara. Sa shafi mai sauƙi da ke nuna na sayarwa ne, ka rubuta farashi. Ka yi hattara da "mai saye" da zai taya da tsada sannan ya ce sai ka biya wani kamfani da ya zaɓa ya yi wa sunan ƙima tukuna. Tsohuwar damfara ce. Kafin ka miƙa sunan, sauya imel ɗin duk asusun da ka buɗe da adireshin da ke kansa, na banki ne ko na Facebook, domin sabon mai shi zai iya karɓar duk wasiƙar da aka aika can, har da ta sauya kalmar sirri.