Yadda Za Ka Share Na'urorin Jin Zafi Na Kilim Ɗin Motarka

Tun da zafin Afrilu ya kama a Damagaram ake ta tambayata: me ya sa kilim (na'urar sanyaya mota) na AUTO, wato mai daidaita sanyi da kansa, ke hura sanyi kaɗan, ko ya yi yawa? Wani lokaci ƙurar hunturu ce ta toshe na'urorin da ke gaya masa yanayi. Kafin ka je a ƙara gas, gwada wannan.

1. Ajiye motar a inuwa.
2. Kashe inji, ka zare makulli.
3. Duba saman allon gaban direba, daf da gilashi. Akwai ɗan ƙullutu baƙi kamar maɓalli, shi ke auna hasken rana.
4. Ɗauke abin da ke kansa. Na sha ganin darduma ko takardun mota a wurin.
5. Goge shi da busasshen tsumma.
6. Nemo ƴar raga kusa da sitiyari. A bayanta na'urar auna zafin cikin mota take.
7. Share ragar da buroshi mai laushi.

Hattara: kada ka cusa tsinke ko waya ciki, kada ka fesa ruwa. Abin siriri ne, taɓawa ɗaya ya lalace.

8. Leƙa bayan ragar gaban mota, gaban radiyata, inda mai auna zafin waje yake.
9. Cire busasshen laka da yatsa a hankali.
10. Tada mota, ka sa AUTO a digiri 23.
11. Ba shi minti biyar.

In har iskar ba ta daidaita ba, kai wa mai gyaran wutar mota ya sa na'urar gwaji.