Yadda ake bin sawun kuɗin tallafi daga takarda zuwa tsakar gida

Mai son sanin ko shirin tallafin gwamnati ya yi aiki kada ya tsaya kan adadin da ma'aikata ta sanar. Tambayar masanin zamantakewa daban ce: wa aka rubuta, wa aka tsallake, kuma a hannun wa kuɗin ya kwana. Mu ɗauki shirin bai wa matalauta naira 5,000 a wata na zamanin Buhari, wanda aka riƙa biyan 10,000 duk bayan wata biyu, wani kaso daga dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta dawo da su.

Fara da ƙa'idar da ke rubuce. Ofishin gwamnatin tarayya mai suna NASSCO ke kula da rajistar matalauta ta ƙasa, kuma a tsari al'umma ce ke zaɓe: a raba maza, mata da matasa, kowane rukuni ya faɗi abin da yake kira talauci, ya lissafa gidaje, sannan a haɗa jerin. Tambayi mutane ko an yi wannan zama, a ina, wace rana, wa ya yi shela. Zaman da aka yi a ƙofar gidan mai unguwa ranar kasuwa, ko kuma da damina ana tsakiyar noma, ya riga ya tace mahalarta tun ba a ambaci sunan kowa ba.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne kalmar "gida". Fom yana son maigida ɗaya, tukunya ɗaya, mai karɓa ɗaya, galibi mace. To, gidan da ke da mata uku da 'ya'ya maza masu aure suna noman gandu fa? Idan uwargida aka rubuta, kishiyoyi na kallon kuɗin a matsayin na gida ne ko na ɗakinta? Zana gidan a takarda, ɗaki-ɗaki, ka nuna masu ci daga tukunya ɗaya. Sannan ka bi kuɗin kwana bakwai bayan biya: nawa ya tafi bashin mai shago, nawa maigida ya amsa, nawa aka zuba adashe, nawa motar zuwa wurin biya da mai POS suka ci. Masu bincike na cibiyar nazarin zamantakewa ta LASDEL a Yamai sun ga yadda a wasu ƙauyukan Nijar ake tattara irin wannan kuɗi a sake rabawa, don mutane ba su yarda cewa maƙwabcin da aka tsallake ya fi su hali ba. Wannan ba lalle sata ba ce. Wani ma'aunin adalci ne da fom bai san da shi ba, kuma dole ya shiga rahoto.

Duk mai karɓa ɗaya da ka tattauna da shi, nemi ɗaya da ba a rubuta ba. Makiyaya a ruga, 'yan ci-rani, almajirai da zawarawan da ke zaune gidan 'yan'uwa su ne suka fi faɗuwa, saboda rajista zaunanne take gani.

Mace ce za ta shiga wurin matan da ke cikin kulle, kuma ba a gaban miji ba. Ka gaida mai unguwa ka nemi izini, amma kada yaronsa ya zaɓa maka gidaje. Tun a soro ka faɗa cewa ba rajista ka zo yi ba, in ba haka ba kowa zai zama matalauci na ƙarshe da zarar ya ga biro.

Kada ka rubuta naira kawai. Je kasuwa a makon biyan, ka tambayi kuɗin kwanon gero ko masara, ka mayar da tallafin zuwa kwanoni, ka raba da abin da gidan ke ci a rana. Maimaita lissafin sau biyu, da kaka da kuma tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa, don amsar ba za ta zo ɗaya ba.