Kurakuran da aka fi yi wajen sayen sifikun kallo don ƙaramin falo a Kumasi

Duk wanda ya taɓa ratsa shagunan kayan lantarki a Adum ya san yadda abin yake. Yaron shago zai murɗa sauti har ka ji ƙirjinka na rawa, ya nuna maka kwali an rubuta 5000W da manyan baƙaƙe, ya ce, "Alhaji, wannan ko biki za ka yi ta ishe ka." Kai kuwa falonka a Aboabo bai wuce mita uku da huɗu ba, bango ɗaya ne ya raba ka da maƙwabci.

Wannan lambar ita ce ta fi cin kuɗin mutane. Duba da kyau, sau da yawa za ka ga an rubuta PMPO a gefenta, wato ƙarfin da na'urar ke iya fitarwa na ƙiftawar ido, kuma kowane kamfani da irin awonsa. Wadda za ka nema ita ce RMS, ƙarfin da take riƙewa tana aiki. Idan ba a rubuta ba, juya bayan na'urar ka karanta wutar da take sha. Abin da ke jan wat 60 daga soket ba zai ba ka 5000 ba. Ko da wat na gaskiya ne ma, ninka shi sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa a ma'aunin ƙarar sauti, ɗan bambanci ne a kunne. Wat 40 ko 50 na RMS ya wadatar da ƙaramin falo har da saura.

Sai kwaɗayin 5.1, sifika biyar da wufa ɗaya, wato akwatin da ke fitar da kaurin sauti. Tsarin yana da kyau a inda ya samu wuri: biyu daga cikin sifikun dole su zauna a gefen mai kallo, su ɗan koma bayansa. A ɗaki da falo irin namu kujera manne take da bango, ina za ka sa su? Na shiga gidaje da dama na tarar an jera duka biyar a kan kabad ɗin talabijin kamar kwanukan amarya. An biya kuɗin biyar, ana jin aikin biyu. Ƙari a kan haka, wasu masu arahar ramuka biyu kawai gare su na shigar sauti, ja da fari, don haka sautin hagu da dama suke rarraba wa sauran. Yawancin abin da muke kallo a YouTube ma haka sautinsa yake tun asali. Da kuɗin nan gara ka ɗauki 2.1 mai kyau, wato sifika biyu da wufa, ko doguwar sifikar nan da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin talabijin, musamman 3.1 mai sifikar tsakiya, domin ita ke ɗauke da magana.

Maganar kuwa ita ce abin da na fi damuwa da shi, kuma ita aka fi mantawa. A shago da kiɗa mai nauyi ake gwaji, saboda dukan wufa yana rufe kowane aibi. A gida me kake kunnawa? Fim, labarai, tafsirin azumi, sharhin wasan ƙwallon Kotoko da Hearts. Duk murya ce. Ka tafi da abinka a waya ko a filashi, wa'azin malamin da ka saba da muryarsa, ka ce a rage sauti kamar yadda za ka saurara bayan isha'i yara sun kwanta. Ja da baya taku uku. Idan kana rarrabe kowace kalma ba tare da ka karkata kunne ba, to ka samu. Idan muryar ta fito kamar daga cikin tulu, bar musu kayansu komai kyan fitilun da ke jikinta.

Kafin ka bar gida, ɗauki hoton bayan talabijinka. Idan akwai ramin HDMI da aka rubuta ARC a gefensa, nemi sifika mai irinsa: waya ɗaya ta gama aiki, kuma galibi rimot ɗin talabijin zai riƙa ƙara sauti da ragewa. In babu, wayar optikal ta isa. Kada ka dogara da Bluetooth don kallo, yakan sa baki ya riga murya.

Kayan gwanjo kuma, ni kaina sun taɓa ƙona ni. Na sayi amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai nauyi, tsaf da ita, murna ta hana ni karanta bayanta. Ina jona ta na ji "tas", sai ƙauri ya cika ɗakin. Ta Amurka ce, mai cin volt 120, wutarmu ta Gana kuwa 230 ce. Na Japan 100 suke ci. Idan ba ka ga 220 zuwa 240 a rubuce ba, sai da taransifoma mai rage wuta. Kuma tunda mun san halin dumso, wato yawan ɗauke wuta, ware ɗan kuɗi ka sayi na'urar kariya irin wadda ake sa wa firiji, mai jinkirta wuta idan an dawo da ita.

Bayan an kawo kaya gida, kada a cusa wufa a lungu. Kusurwa tana ƙara mata kauri, sautin ya koma gunji, gilasan taga su kama kaɗawa. Irin wannan sauti yana ratsa bulo fiye da yadda kake zato. Wata dattijuwa a gidanmu ta taɓa tare ni da safe ta ce, "Ɗana, jiya injin niƙa ka kwana da shi?" Kunya ta kama ni. Na janye wufar daga bangon da muka haɗa da ita, na bar tazarar taƙi ɗaya a bayanta, na ɗora ta a kan ninkakken bargo, na shimfiɗa darduma a kan tayil, na saki labule mai kauri. A daren na rage sauti kusan rabi, amma na ji abin da 'yan fim ɗin ke faɗa fiye da kullum, kuma Hajiya ta yi barcinta.