Yadda za ki rage ƙuda a gida lokacin mangwaro da damina

Uwargida in dai fiya-fiya kike fesawa kullum kina jiran ƙuda ya ƙare to wallahi asarar kuɗi kawai kike, kin kashe na yau gobe wasu sun ƙyanƙyashe. Macen ƙuda ɗaya tana zuba ƙwai wajen 100 a lokaci guda, cikin kwana ɗaya sun zama tsutsa, in ana zafi kwana 7 zuwa 10 sun yi fiffike sun shigo miki kicin. Don haka inda yake haihuwa za ki fara bi.

Fara da masai. Ki samo masa murfi mai rufe bakin ramin ruf, ko katako ne a sa masa mariƙi, a dinga barbaɗa toka a ciki. Fo ɗin yara kuma da an gama a juye a wanke, kar a ce bari in gama tuwo tukuna. Nan ne fa matsalar take, ƙudan da ya tashi daga kan kashi shi ne zai sauka kan kunun yaro, kuma shi ba ya tauna, amai yake wa abincin ya narke sannan ya tsotse, ga ƙazantar da ya kwaso a ƙafa. Haka gudawa da atuni da taifod da kwalara ke zagaye gida. Akwai ma irin wanda ke liƙe wa idon yara yana yaɗa amosanin ido, ciwon da in an bar shi yake makantarwa, shi ya sa wanke musu fuska safe da yamma ba kwalliya ba ce.

Sai shara. Ɓawon mangwaro, kan kifi, ragowar miya, a ƙulle a leda a fitar kullum. Masu awaki a share turke, kashin a kai shi gona ko can nesa da ɗaki.

Abinci dai faifai ko murfi, ko ruwa za ki ɗebo ki rufe tukuna. Taga a sa raga.

Waɗanda suka rage ki haɗa musu tarko, ai ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu. Yanke saman robar lemo ki kifa shi cikin gindin kamar mazurari, ki zuba ruwan sukari da ɗan ɓawon mangwaro da ɗigon sabulun ruwa, ki rataye a tsakar gida nesa da madafa, kar ki sa a ɗaki ki gayyato su da kanki. Bayan kwana uku-huɗu a binne abin ciki a sake sabo.

In kuma duk da haka yaro ya fara gudawa ki soma ba shi ORS, wato ruwan gishiri da sukari, nan take, in da amai ko jini a ciki ku wuce asibiti.