Darasi na Bakwai: Atunin da Amiba ke Kawowa

Amiba wata 'yar mitsitsiyar halitta ce wadda ido ba ya gani sai da madubin likita. Nau'inta mai sa ciwo, wanda likitoci ke kira Entamoeba histolytica, yana zama a cikin babban hanjin mutum, kuma wani likita mai suna Fedor Lösch ne ya fara bayyana shi a ƙasar Rasha a shekarar 1875. An ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 50 ne ke yin wannan ciwo kowace shekara, dubbai kuma suna rasa rayukansu, akasari a ƙasashe masu zafi inda tsabtataccen ruwan sha da masai suka yi ƙaranci.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, a cikin mutum goma da suka kamu, kusan tara ba sa jin komai a jikinsu, alhali suna fitar da amibar a cikin bayan gidansu. Takan fito ne a lulluɓe da ɓawo mai tauri, wanda ke ba ta damar yin makonni da rai a wuri mai damshi, har sai ruwa ko ƙuda ko hannun da ba a wanke ba ya kai ta bakin wani.

Ga wanda ciwon ya bayyana gare shi, alamomin sukan fara mako biyu zuwa huɗu bayan kamuwa, kuma sannu a hankali suke zuwa. Ciki yakan riƙa murɗawa, gudawa ta biyo baya da majina da jini, mutum ya yi ta zarya zuwa masai yana nishi amma kaɗan ke fita, daga nan sai kasala da rama. Atunin da ƙwayoyin cutar da ake kira bakteriya ke kawowa kuwa yakan zo farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi, shi ya sa gwajin bayan gida a asibiti yake da muhimmanci. Wani lokaci amibar takan bi jini ta kai hanta ta tara mugunya, ko da watanni sun shuɗe. Duk wanda ya ji ciwo a gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari tare da zazzaɓi, kada ya kwana bai ga likita ba.

Likita yakan ba da metronidazole, sannan ya ƙara wani maganin da zai share ragowar amibar daga hanji, kuma wajibi ne a shanye su duka ko da an ji sauƙi. A riƙa shan ruwan gishiri da sukari domin mayar da ruwan jiki. Ruwan sha kuwa a tafasa shi na minti ɗaya, domin sinadarin kulorin da aka saba zubawa ba ya isa ya kashe amibar da ke cikin ɓawonta.